Za a Ɗauke Motarka Kafin Juma'a, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba Akawu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa da fatan Allah Ya ƙara haske a makwancinka, 'yarka Hadiza ce daga Manassas, a ƙasar Amurka. Shekara tara ke nan da rasuwarka, amma magana ta taso da ba ni da wanda zan kai wa sai kai.

An sayar da gidanmu na Funtuwa don a raba gado. Wata uku Yaya Sani yana bina in yarda a sayar wa 'yan gwangwan motarka, ina cewa a dakata, har ya fara gajarta mini gaisuwa. Kowa ya amince, saura ni. Yanzu wanda ya sayi gidan ya ce a ɗauke masa ita kafin Juma'a.

Ka sha ba mu labarin yadda ka same ta. An ba mu mulkin kai, Turawan ofishin gona suna ta haɗa kaya, suna sayar da abin da jirgi ba zai ɗauka ba. Ka sayi ta ɗaya daga cikinsu, baƙa wuluk, kuɗinta ya haura albashinka na shekara guda. Inna ta ce shekara uku ba ka ɗinka sabuwar riga ba. A unguwarmu kaf ita kaɗai ce.

Kullum gabanta na kallon titi kake ajiye ta, a kan ɗan gangaren nan. Ka ce mai naƙuda ba ta jiran a juya mota. Haka kuwa ta yi ta ɗiba, masu naƙuda, wanda maciji ya sara, amare, har gawa, kuma ko sisin mai ba ka taɓa karɓa ba. Mu 'ya'yanka kuwa sai mu yi wata ba mu shiga ba. Wallahi ina jin haushi a lokacin, ban dai taɓa faɗa maka ba.

Nan, Baba, mota kamar takalmi take, biyu ne a ƙofar gidana. Kowace safiya ina cikin cunkoso awa ɗaya da rabi kafin in kai asibitin da nake aikin jinya, ni kaɗai a mota, na motar kusa da ni ma shi kaɗai. Bara maƙwabcina ya yanke jiki ya faɗi, sai motar asibiti na gani. Matarsa ko tunanin ƙwanƙwasa mini ƙofa ba ta yi ba. Na gaji, Baba, gajiyar da barci ba ya warkewa.

Na ce wa Yaya a nemi wani wuri a ajiye ta, ya ce ina? Tayoyi babu, inji ya yi tsatsa, kaji ke ƙwai a kujerar baya. Sannan ya tambaye ni yaushe rabona da gida. Shekara shida. Gaskiya ya faɗa, daga nesa nake son ta, su ke share ƙarƙashinta.

Ɗazu na ce masa su sayar. Ka yafe mini. Abu ɗaya na roƙa, kada a sa mata guduma a gaban mutanen unguwa, a ɗora ta a babbar mota a tafi da ita yadda take. Ya ce kuɗin ɗaukar ya fi abin da aka taya. Na ce ni zan biya. Iyakar abin da na iya yi maka ke nan.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haɗa ka da Inna a Aljanna Firdausi, Ya kyautata namu ƙarshen.

'Yarka,
Hadiza