Sunana Ya Sa Kalmar Sirri, Ni Kuma Na Faɗa a Gidan Suna

Tanti Balkisu, don Allah ki taimake ni, na gaji da kuka.

Mijina Saminu yana aikin ordinatar, wato kwamfuta, a wani kamfanin kamiyo, manyan motocin kaya. Duk sunayen direbobi da ranar tashin kowace mota da kayan da ta ɗauko suna ajiye a babbar na'ura a unguwar Ouidi. Shi kuma daga bironsu, wato ofishinsu na unguwar Tampouy, yake buɗe wata mahaɗa a ordinatarsa, ya sa kalmar sirri, ya shiga.

Ni mai karatun littattafan soyayya ce, ina son a nuna mini ƙauna. Muna amarci na matsa masa sai da ya sa sunana ya zama kalmar. Daɗi ya kama ni, na faɗa a gidan suna, mata suka yi ta guɗa. Zongo kuwa kin sani, ba a ɓoye magana.

Ranar Juma'a yana masallaci wani ya shiga ya kwafe jerin tafiye-tafiyen wata guda. Patron, wato mai kamfanin, yana tsoron 'yan fashi su tare direbobi, yana neman wanda ya saki kalmar. Saminu bai san ni ce ba. Ya ce zai cire sunana, sai na ji kamar saki ya ba ni. In faɗa masa?

Amarya Mai Nadama, Zongo

'Yata, ki faɗa masa yau. Rayukan direbobi da aikin mijinki sun fi kunyarki nauyi. In ya san inda kalmar ta ɓulla, zai tunkari patron da gaskiya, a sauya ranakun tashi kafin wani abu ya faru.

Laifin ba naki kaɗai ba ne. Shi ne ma'aikaci, bai kamata ya biye miki ba. Ya sa sabuwar kalma doguwa, haruffa haɗe da lambobi, ba sunan kowa ba. Kada ya bar mahaɗar ta riƙe ta, kuma ya rufe in zai tashi, ko da salla zai je. Kowane ma'aikaci a ba shi tasa kalmar, don a gane wanda ya shiga. Mai dubawa kawai kada a ba shi ikon gogewa.

Cire sunanki ba saki ba ne. Ki bar shi ya kira ki da shi a gida, inda ke za ki amsa, ba na'ura ba. Allah ya tsare matafiya, ya sanyaya zuciyarki.