Bakin Donme

Baban Donme,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan aikin gadar yana sauƙi. Tunda waya ta rantse ba ta shiga dajin nan naku, ga takarda ta hannun direban kamfaninku.

Maganar makarantar ɗanka ce ta hana ni sakat. Na sha yawo har takalmina ya tsinke, yanzu makarantu biyu suka rage. Akwai mai jar ƙofa, wadda yaranta ke cinye jarrabawar shiga sakandare duk shekara. Aji cike da yara amma ko tari ba ka ji, Turanci kuwa kamar rediyo. Sai ta bayan asibiti. Su ma suna karatu, sai dai sakamakonsu bai kai na waccan ba, ga hayaniya kamar an saki 'yan tsaki.

Raina yana kan mai jar ƙofa, amma sai yaro ya zauna gaban shugabar ta yi masa tambayoyi kafin a ɗauke shi. Matar mai kemis ta ce surutu ne ya kayar da nata ɗan. To ina ga namu? Ka san ba a banza muke ce masa Donme ba. Jiya a gaban baƙi ya ce, "Mama, don me kaza ba ta fitsari?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. In ya yi wa shugabar irin wannan, ai kashinmu ya bushe. Wallahi tsoro nake ji, kada bakinsa ya ja masa asarar gurbin nan.

Ka yanke mana shawara. Allah ya tsare.

Matarka.

*

Maman Donme,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, na gode da ɗawainiya.

Mai jar ƙofa za a nema. Ni a makarantar da malami ke zuwa ran da ya ga dama na tashi, shi ya sa har yau nake riƙe wa injiniyoyi tef suna aunawa. Ba na son ɗana ya gaji wannan.

Ki samo mai koya masa darasi da yamma. Kuma ki gaya masa in ji ni: daga yau babu "don me". Shi za a tambaya, ba shi zai tambaya ba. Yaro da ƙuruciya ake tanƙwara shi.

Ki kwantar da hankalinki. Na gaishe ku.

Mijinki.

*

Baban Donme,

Sallama da gaisuwa. Albishirinka, an ɗauke shi. Amma kada ka yi saurin ba da goro.

Na gaya masa saƙonka kamar yadda ka ce, har na ƙara gishiri: na ce duk yaron da ya yi tambaya korarsa suke yi. Ranar ganawar ya amsa komai tsaf, lissafi, karatu, launuka. Da za mu tashi shugabar ta ce, "Kana da tambaya?" Ya dube ni, ya danne leɓensa da haƙori, ya girgiza kai. Ta ce irin wannan yaro mai nutsuwa suke so. Na fito ina washe baki.

Tun ranar gidan nan ya mutu. Mun wuce inda ake rushe tsohon gini da babbar mota, ya kalla har wuyansa ya juya, bai ce uffan ba. Ina yanka albasa yana tsaye yana kallon hawayena, shiru. Ni da nake cewa ya ishe ni, yanzu ni ke bin sa da tsokana. Na ce masa jarrabawa ta wuce, ya tambayi abin da yake so. Ya ce, "A'a, Mama, za su kore ni."

Wai mun je neman ƙiba ne mun samo rama? Ranar Litinin suke son amsarmu, kuma a can shekara shida zai yi. Ban san me zan ce musu ba.

Matarka.

*

Maman Donme,

Sallama. Na karanta takardarki, abincin rana bai ciwu ba.

Kada ki kai amsa tukuna. Ki zaunar da shi ki karanta masa wannan: "Donme, Babanka ne. Don me kaza ba ta fitsari? Na tambayi duk injiniyoyin nan, babu wanda ya sani. Ni ma ban sani ba."

Ki rubuto mini abin da ya ce, ko mene ne.

Mijinki.

*

Baban Donme,

Gaisuwa. Na karanta masa. Ya daɗe yana murza bakin rigarsa, har na fid da rai. Can sai ya duba ƙofa, ya matso kunnena kamar mai shirin sata, ya ce, "Mama, don me Baba bai sani ba?"

Na shige kicin na yi kukana.

Ranar Litinin makarantar bayan asibiti zan kai shi. Na ce ya tanadi tambayarsa, shi zai fara yi musu. In shugabarsu ta ɗaure fuska, mu ƙara gaba.

Allah ya dawo mana da kai lafiya. Ka zo da amsar kazar, yana jira.

Matarka.