La'asar a Tsakanin Masu Kunnen Roba

Asabar da dare, Maris 1994, Catford

Yau na raka 'yata Hadiza taron masu son finafinan sararin samaniya, don babanta ya ce ba za ta je ita kaɗai ba. Ƙarti, wasu har da furfura, sun shafa koren fenti, sun manna kunnen roba, suna harbin juna da bindigar wasa. Allah ya shirya.

La'asar ta kusa wucewa, na shimfiɗa darduma a wani lungu. Ina kabbara na ji ƙarar kyamara. Wani mai wutsiya yana tambayar Hadiza wai shigar wace duniya na yi.

Na san yadda take jin kunyata a gaban Turawa. Na ɗauka sulalewa za ta yi.

Sai na ji ta ce da Turanci, "Mamata ce, salla take. Matsa!" Ta baza alkyabbar da na ɗinka mata don taron ina tsaki, ta kare ni har na sallame.

Na sake sallar a gida, tunda hankalina ya rabu. Gefen alkyabbar ya farke. Bari in ɗinke kafin in kwanta, gobe ma suna da shirmen.