Minti Goma Sha Ɗaya a Kan Rufi

Lahadi, 2 ga Yuni
Yau na yi abin kunya. Tun da idanun Baba suka dushe, ni ke duba masa sama ranar tseren tattabaru. Aikin ba wuya: in hango tsuntsuwa, in faɗa masa, ya kaɗa gwangwanin masara ta shige ɗakinsu, na'ura ta rubuta lokacinta. Da safe aka sako su daga garin Noyon, can nesa. Na zauna a lambu, na ce bari in ɗan leƙa waya. Bidiyon wata mata tana wanke darduma, sai wani kare, sai wata matar da wata dardumar. Muryar maƙwabcinmu Staf ce ta farkar da ni: "Griet! Rika ta gaji da jiranki a kan rufi. Ko sai ta turo miki saƙo?"

Minti goma sha ɗaya tattabararmu Rika ta yi a kan rufi. Ba don haka ba, da ita ce ta ɗaya a ƙungiya. Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

Talata, 4 ga Yuni
Na ji Baba yana ce wa Staf in kakar tsere ta ƙare ya zo ya kwashe tattabarun duka. "Ina makaho ina tattabara?" Shekara arba'in da ɗaya yana kiwonsu. Na shiga kicin na yi kuka, a can ma sai da hannuna ya lalubi aljihu neman waya.

Alhamis, 6 ga Yuni
Wayar ta ce awa biyar nake yi kullum. Ƙarya take. (Ba ƙarya take ba.)

Asabar, 8 ga Yuni
Ba zan goge komai ba, a can nake ganin yaran ƙanwata Lotte. Doka dai: sai bayan abincin rana, da kofi ɗaya. In kofi ya ƙare, an tashi. Ranar tsere kuwa tana cikin akwatin burodi.

Lahadi, 9 ga Yuni
Kallon sama akwai gundura! Baba ya ce in daina mutsu-mutsu kamar mai ƙuma. Rika ta zo ta ashirin da uku, amma a idona ta sauka.

Laraba, 12 ga Yuni
Kofi uku. Kowa ya san dalili.

Lahadi, 23 ga Yuni
Baba ya ce, "Faɗa mini abin da kike gani." Na ce gajimare. "Wane iri?" Sai ga ni ina ta zuba: sirara ne, iska na kora su gabas, ga wani ɗigo can ta kudu, ya naɗe fukafukai, yana gangarowa... Ban rufe baki ba ya fara kaɗa gwangwani. Rika ta zo ta huɗu!

Lotte ta kira gida tana neman hoto. Babu, ban ma tuna ba. Mantuwa ce kawai, kada in cika baki.

Staf ya leƙo ta shinge. "To, yaushe zan kawo kwanduna?"

"Kwandunan me?" in ji Baba. Ya juyo inda nake. "Gobe ki tashi da wuri, 'yar nan. Akwai 'yan shila biyu da za mu sa wa zobe."