Kwamfutar Yaya Habu da Ragonsa

Talata da dare, Kudan

Har yanzu kumatuna na zafi. Yaya Habu ya mare ni a gaban Inna, wai ni na lalata masa kwamfuta da kallon finafinai. Ni da aikin makaranta kawai na taɓa bugawa a kanta. Ya wurgo min ita kan tabarma ya ce, "Ga ta nan, ki rufe tukunya da ita."

Da ya fita na kunna ta. Fankarta sai kuka, komai da ƙyar yake buɗewa. Na danna Ctrl, Shift da Esc tare don in ga abin da ke cinye mata ƙarfi, sai ga ɓarauniyar: burauza ce, manhajar shiga intanet, ke aiki a ɓoye, alhali an rufe ta. Shi duk shafin da ya nemi izinin turo masa sanarwa sai ya amince, wai kada farashin tumatir ya wuce shi. Na cire tarkacen da ya liƙa mata, na shiga saiti na hana ta ci gaba da aiki bayan an rufe. Yanzu gudu take kamar sabuwa.

Na tura ta ƙarƙashin gado.

Ɗazu na ji yana gaya wa Inna gobe zai kai ragon layyarsa kasuwar Makarfi, ya sayi wata kwamfutar. Tun bara yake ba ragon nan dusa da hannunsa, har suna ya sa masa. Inna ta ce, "Haba, a gwada gyara tukuna mana." Ya ce ai ta mutu.

Da safe ni zan kwance masa ragon, ya kai kasuwar.