Furannin bayan rumbu

Laraba da dare, tsakiyar bazara

"Hure dai? Wa ka miya da hure?" in ji Inna da hantsi, fartanya a hannunta. "Wurin ga ya hi ko'ina taki, kin cika shi da kayan kallo, kin bar guro cikin buhu kamar ɗan gudun hijira."

Na ce, "Inna, nan Baba ya riƙa daka dutsen zinari. Gubar dalmar da ke cikinsa ba ta ruɓewa."

"An kwashe ƙasar ga tun kina sakandare!"

An kwashe ta tsakar gida, gaskiya ne. Bayan rumbu kuwa itace ne jibge a lokacin, a kan idona aka tsallake shi. Shi ya sa guro, wato kuɓewa, da alayyahu suke cikin buhuna, da ƙasar da aka ɗebo mini daga fadama. Bayan rumbun kuma na ba furanni, don su ne ba mai jefawa a tukunyar da jikokinta ke ci. Na san Inna, in ta ga fili sai ta watsa iri.

Ta ce boko ya sa nake tsoron ƙasar da aka binne cibiyata. Ta tuge furanni biyu, jajaye. Ban ɗaga murya ba. Na tsuguna na mayar da su, na juye musu ruwan wankana, sannan na yafa mayafi.

"Ina za ki da ranar ga?"

"Ƙaro hure, Inna."

Na ja ƙyauren na fita.