Katunan Sauka a Ƙasa

Daren Asabar, bayan Isha'i

Na kasa cin tuwo. Mako uku na yi ina haɗa wa ɗalibaina na Islamiyya katunan barka da sauka, guda ashirin. Takarda mai furanni daga kasuwar Ɗanbatta, ƙyallen atamfa a gefe, ga duwatsun ado da na liƙa ɗai-ɗai. Kowanne na buga masa hatimin Bismilla don albarka. Wallahi ban yi tunani ba.

Da aka watse daga walima sai na gan su yashe a ƙasa, cikin shinkafa da ledojin ruwa. Wani har da sawun takalmi a kan sunan Allah. Sha ɗaya na tsinto.

Baba bai yi min faɗa ba. Cewa ya yi, "Ki ƙona su, ki binne tokar. Gaba ki ajiye hatimin nan."

Ga su a kwano, ga ashana. Sau uku ina ƙyastawa ina hurewa. Waɗannan dai suna hannuna. Sauran taran fa, da iska ta kwasa zuwa gonakin mutane? Allah Ka yafe min.